Layin da Ke Ƙarƙashin Sunan Yaya Inuwa

Na ji abin da kuke faɗa, ku yara. Kunnena ya tsufa amma bai ajiye aiki ba. Wasunku suna cewa wai da gangan na shirya abin da ya faru a taron zumunci na shekarar nan da aka yi ruwa mai yawa, wai zama na yi na ƙulla dabara don in nemi gafarar yayana ba tare da gwiwata ta taɓa ƙasa ba. Wasunku kuma, masu jin tausayina, suna cewa tsoho ne bai iya kwamfuta ba, ya danna inda ba a dannawa. Duk kun ci zalina. Na farko sun ba ni wayon da ba ni da shi, na biyu sun ƙwace mini ɗan abin kirki guda ɗaya da na yi da hankalina a jikina. Shi ya sa na aika aka sayo mini littafi da biro biyu. A aji huɗu na tsaya a firamare, don haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa ya yi mini shiru.

Sai na fara da baƙin littafi, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Kakanku, mahaifinmu, haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, shi da ƙannensa biyu, suka hayayyafa har muka yi yawa. Ƙaramin cikinsu, Baffa Tanimu, shi ya buɗe littafi mai baƙin bango yana rubuta sunan duk wanda aka haifa a zuriyar. In mutum ya rasu ba a soke sunansa. Rula ake ɗorawa a ja masa layi a ƙarƙashi, a hankali, daga harafin farko zuwa na ƙarshe. Baffa yakan ce ba kore shi aka yi ba, tabarma aka shimfiɗa masa ya kwanta. Da haka muka tashi. Duk ɗan gidanmu in ya ga suna da layi a ƙasa, bakinsa yakan motsa da addu'a kafin ma ya tuna ko wane ne. Da Baffa ya gaji, ni aka miƙa wa littafin, ba don ilmi ba, sai don sana'ata gyaran agogo ce, hannuna ba ya rawa.

To wannan hannun da ba ya rawa, shi ya yi ɓarnar. A shekarun da gari ya rikice, kowa yana tattara kayansa yana komawa inda nasa suka fi yawa, mu duka muka dawo unguwar Congo-Russia. Yaya Inuwa, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce shi ba inda za shi. Yana unguwar Kabong da garejinsa na gyaran babur da maƙwabtansa na shekara talatin, ya ce su suka tsaya masa a ƙofa ranar da abin ya yi tsanani, ba zai saka musu da gudu ba. Sau huɗu ina zuwa da mota don in kwaso shi, sau huɗu ina dawowa da mota ba kowa. Tsoro nake ji, amma a lokacin na ɗauka fushi ne. A taron zumunci na gaba, gaban mutane, aka tambaye ni ina Inuwa. Na buɗe littafi, na ɗora rula, na ja masa layi. Na ce wanda ya zaɓi can, mu mun riga mun yi masa ta'aziyya. Ba wanda ya yi dariya. Kafin la'asar labari ya haye Gada Biyu ya same shi. Daga ranar, shekara goma sha ɗaya, bai tako inda nake ba, ni ma ban taka inda yake ba. In muka haɗu a jana'iza, shi yana wancan gefen sahu, ni ina wannan.

Babbar yayarku Uwani, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, ita ta ɗauko maganar majigi. Tana aikin ofis, kullum da kwamfuta a jaka kamar goyo. Ta ce baƙin littafi ya fara cin kansa, asu ya shiga, gara a zuba sunayen a kwamfuta a haska a bango ranar taro, shafi bayan shafi, kowane gida da shafinsa. Ta ce kuma akwai wani abu da suke kira linki: in ka danna sunan mutum sai ya kai ka wani shafi, ka ga hotonsa, in an ɗauki muryarsa ka ji. Wata biyu tana yawo gida-gida da waya tana ɗaukar muryar tsofaffi. Ba ta gaya mini tana zuwa Kabong ba sai da ta je sau uku. Rannan ta shigo da yamma, mayafinta ya jiƙe da yayyafi, ta zauna a bakin tabarmata.

"Baba, Baba Inuwa zai zo taro."

"Wa ya ce?"

"Shi ya ce. Murya dai ya hana ni, ya ce matacce ba ya magana. Amma ya ba ni hotonsa na samartaka. Ya ce zai zo ya ga yadda ake karɓar gawa a gidanku."

Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Ai ka ji. Sai ka tanadi turare."

Na yi kamar ban ji ba. Amma a daren ban ci tuwo da yawa ba.

Saura kwana biyar taro, Uwani ta aro majigi ta kawo gida don a gwada. Da rana ne, amma gajimare ya sauko har kan duwatsun bayan unguwa, gari ya yi duhu-duhu kamar an rufa masa bargo. Ta rufe taga da zanen uwarta, ta kunna. Haske ya fito ta ɗan ido guda ya faɗa kan bangon ɗakina, sunaye suka taso daga cikin siminti kamar dama can suna ciki suna jira. Na ji daɗi, har na gyara hula. Sai ta kai shafin gidan mahaifinmu. Na ga sunan Inuwa, shuɗi, girmansa ya kai tsawon hannuna, da layi a ƙarƙashinsa daga harafin farko zuwa na ƙarshe, miƙaƙƙe fiye da wanda na ja da rula. Uwarku ta fara "Innalillahi" kafin ta kama bakinta.

"Uwani, wa ya aike ki?"

"Baba, ba ni na ja ba. Duk sunan da aka sa wa linki haka yake zama. Dubi naka ma akwai."

Na duba, ni ma an kwantar da ni. Rabin masu rai na zuriyar duk an shimfiɗa musu tabarma, su kuma matattun da ba a samu hotonsu ba suna tsaye garau ba layi. Amma ni nawa bai dame ni ba. Mutumin da na binne da biro, aka yi shekara goma sha ɗaya, aka lallaso shi da ƙyar, zai shigo da sandarsa ya ɗaga kai ya ga an sake binne shi, wannan karon da wutar lantarki, gaban jikokinsa. Na san Yaya. Ba zai ce komai ba. Zai juya ya fita, kuma daga ni har shi ba mu da wasu shekaru goma sha ɗaya a ajiye.

"Goge shi," na ce.

Ta shafa sunan, ta danna inda ake cire layi. Layin bai motsa ba. Ta sake, ya ƙi. Ta ce ai na linki ne, tare suke zuwa, in an cire linkin ne kawai zai tafi, hoto da murya kuma su bi shi. Na ce to a cire. Ta dube ni irin kallon da kakarta take yi mini in na fasa ƙwarya, ta ce wata biyu ta yi tana shiga keke mai ƙafa uku tana fita, tsofaffi huɗu sun yi mata kuka a waya, ba za ta zubar ba saboda layi. Ta ce a sanar a bakin ƙofa cewa layin kwamfuta daban ne da na littafi. Na ce, Uwani, ki je ki sanar wa ido. Ido ba ya jiran sanarwa. Muka yi ta ja, ita da turancinta ni da agogon da ke hannuna ina ta buɗe bayansa ina rufewa ba dalili.

Kwana biyu tana bincike, ni kuma ina zagaya ta kamar kaza. A rana ta uku ta kira ni da murya mai sanyi, ta ce in zo in gani. Ta nuna mini cewa kowane suna a cikin ɗan akwati yake zaune, akwatin da ba ya fitowa a bango. Da, a jikin haruffan ta ɗaura linkin, shi ya sa kwamfuta take canza musu launi tana ja musu layi. Yanzu sai ta kwance shi daga haruffan, ta kama gefen akwatin, ta ɗaura a jikinsa. Suna ya koma baƙi, tsaf, ba komai a ƙarƙashinsa, amma in ka kai 'yar kibiya kansa ka danna, ƙofa ta buɗe yadda take buɗewa da. Na ce wannan ai na gane shi, kamar agogo ne, fuska daban inji daban. Ta ce haka ne, Baba. Na ji kaina ya kumbura, kuma wannan kumburin shi ya kai ni ya baro, kamar yadda za ku ji.

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su tana kwancewa tana ɗaurawa, ina zaune ina kallon bango. Ruwa yana sauka kan kwano a hankali, irin wanda ba ya sauri ba ya tsayawa. Layi yana ɓacewa, mutum yana tashi. Har aka gama ba sauran layi ko ɗaya. Uwarku ta ce to yanzu sai a bi waɗanda suka rasu da gaske a ja musu nasu, yadda aka saba. Uwani ta kai hannu, na riƙe ta. Ga mahaifinmu, ga Inna, ga Baffa Tanimu, ga ƙanwarmu da ta tafi tana goyo, ga jaririn da aka raɗa wa suna makon jiya, duk a tsaye a bango guda, ba ka iya cewa ga na nan ga na can. Ƙurar ɗaki tana yawo a cikin hasken, ni kuwa sai na ga kamar tsakar gidanmu ta da ce ranar wanki, kowa yana nan, ba wanda ya tafi ko'ina, an dai shiga ɗaki ne za a fito. Na ce a bar su haka, yini ɗaya ne. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Uwarku ta ce shayina har ya yi fata.

Akwai abin da ban faɗa muku ba. Ni ma Uwani ta ɗauki muryata, a shago, wata rana da ba ciniki. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai me na fi tunawa a yarintata. Na buɗe baki zan ba ta labarin jirgin ƙasa, sai bakin ya tafi wani wuri da kansa, wurin Yaya, har na ƙare da abin da namiji mai jikoki ba ya so a ji. Na ce ta goge. Ta ce za ta yanke ta bar farkon. Aiki ya yi mata yawa ba ta yanke ba, ga shi ofis ya tura ta kwas Kaduna ana jibi taro. Da za ta tafi ta zaunar da ni ta koya mini abu uku: wannan maɓalli na gaba, nan ake dannawa a buɗe suna, wancan na can kusurwar hagu ta sama kuma shi ke tsayar da komai.

"Naka yana nan yadda ka faɗe shi, Baba. Kai ke riƙe da kwamfuta. In ba ka danna sunanka ba, ba mai ji."

Na ce ko da kuskure ba zan bi ta kansa ba.

Safiyar taro na buɗe don in yi bita, sai idona ya faɗa kan abin da layi ya hana ni gani tun farko. A shafin gidanmu, yarinyar nan sunana ta sa a sama, na Yaya a ƙasa. Ubanta ne, ban ga laifinta ba. Amma a zuriyarmu ko a kwanon tuwo ƙane ba ya riga wansa sa hannu, balle a bango. Na kira wayarta, a kashe, tana aji. Sai na tuna ai ni mutum ne da ya gane fuska daban inji daban. Na ga yadda take shiga akwati tana gyara rubutu. Na shiga na sama da yatsa ɗaya, na goge Garba, na rubuta Inuwa. Na shiga na ƙasa, na goge Inuwa, na rubuta Garba. Minti ashirin ya ɗauke ni, har da gumi a wannan sanyin. Na duba, ya yi kyau, ba layi, babba a sama. Na rufe ina yaba wa kaina. Fuskar na canza. Injin yana nan inda ta ɗaura shi.

A wani aji na makarantar Islamiyya aka yi taron, an toshe tagogi da zannuwa, janareta yana gunji a baya. Mata a hagu, maza a dama, yara a ko'ina. Ana cikin addu'ar buɗewa keke ya tsaya a waje. Yaya ya shigo, da kwat a kan rigarsa, da sanda, ya rame ya yi fari, tafiyarsa ta zama ta mahaifinmu sak. Aka ba shi kujerar gaba. Bai dube ni ba. Na fara juya shafi. Mutane suna ta mamakin rashin layi, wata gwaggo ta ce yau kuma an tashi kiyama ne, aka yi dariya kaɗan. Na danna sunan Baffa, hotonsa ya fito da rularsa a aljihu. Na danna na wata tsohuwa, muryarta ta cika aji tana ba da labarin wankin kuza a rafi, ita kuma tana zaune tana rufe fuska. Har muka iso shafinmu. Na saci kallon Yaya. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana duban sunansa, sama da ƙasa, musamman ƙasa. Na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka. Na ce a raina an gama, bari in nuna musu hotonsa na samartaka a tafa masa. Na kai kibiya kan Inuwa, na danna.

Fuskata ce ta fito, da gilashin gyaran agogo a goshi. Sai murya, tawa, ta fi ta gaske ƙarfi sau uku.

"Jirgin ƙasa... a'a, bar jirgi. Sanyi nake tunawa. Da safe in za ni makaranta, Yaya yakan gasa dankali biyu a toka, ya sa mini ɗaya a kowane aljihu, ya ce kar in ci sai hannuna ya yi ɗumi. Shi ba ya zuwa makaranta. An ce ɗaya za a iya sa wa, ya ce a sa Garba, shi kansa ba ya ɗauka. Ƙarya yake, ya fi ni kai. Ya tafi ɗaukar kwanon kuza..."

To a nan ne nake so ku buɗe kunne, don nan ne shari'ar take. Yatsana yana kan maɓallin nan na kusurwa. Na san shi, an koya mini, taɓawa ɗaya ne. Kuma na san abin da ke tafe a bayan dankalin, don ni na faɗe shi. Ina da lokacin da zan tsayar in ce janareta ne, kowa zai yarda, a Jos wa zai musa wa janareta? Zuwan muryar kuskure ne, wannan na amsa. Amma barinta ba kuskure ba ne. Na duba ƙeyar Yaya, na ga yadda hular ta yi mata yawa, sai na janye hannuna na sa a aljihu na zauna.

Muryar ta ci gaba. Ta faɗi zuwan da na yi sau huɗu da mota. Ta ce ba fushi ba ne, mafarki nake yi kullum an kawo mini shi a makara, sai na ga gara in riga mafarkin. Ta ce hannun da ya ɗumama da dankali shi ya ja masa layi. Daga nan ba sauran magana, sai wani sauti da ban san ina da shi ba, kamar ana jan tsohuwar ƙofa, da jan hanci, da muryar Uwani tana cewa ya isa Baba. Duk wannan a lasifika, gaban surukaina, gaban yaran da nake yi wa tsawa. Na biya kuɗin wannan zama har yau, don tun daga ranar ba jikan da ke tsorona, in na ɗaga murya sai su tambaye ni ko a gasa mini dankali.

Da ta ƙare, ruwa yana ta sauka a kan kwano. Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Yaya bai juyo ba. Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ni kuwa ina jiran ƙarar kujera, ina lissafin taku nawa ne daga nan zuwa ƙofa.

"Garba," ya ce. Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta yadda yake jan ƙarshensa.

"Na'am, Yaya."

"Kunnena na hagu ya mutu tun bara. Rabin abin nan ban ji ba." Ya kama kujerarsa ya jawo ta, ƙiii, har gefen teburina, ya juyo mini da kunnen dama. "Mayar da shi farko. Ka ƙara murya."

Na mayar. Na ƙara murya. Aka sake jin dankali, aka sake jin mota, aka sake jin tsohuwar ƙofa, shi kuma yana gyaɗa kai a wuraren da suka yi masa daɗi kamar mai sauraron labarai. Wajen kukan ma cewa ya yi, "Yauwa, nan ne ɗazu ya wuce ni." Gwiwarsa tana jingine da tawa, bai janye ba.

Bayan sati biyu matarsa ta zo gidanmu barka da taro. Uwarku ta yi mata jajen kunne, ta ce akwai wani mai magani a Gada Biyu. Matar ta ajiye kofin shayi, ta dube ta.

"Wane kunne? Mutumin da ke jin faɗuwar allura daga gareji?"